Ranar da Alhaji Modi Ya Yarda Aka Kulle Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Alhaji Modi a Tambuwal ya san ba a kulle abu a gabansa a tashi lafiya. Ka sauko daga mota ka danna mata makulli, ko mace ta ja zif ɗin jakarta, sai ya ɗago kai daga carbinsa, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, “Wa kaka zargi?” Kuma ba wasa yake yi ba, amsa yake jira. Sai ka waiga ka ga daga kai sai shi sai liman a wurin, kunya ta rufe ka. Na ga manyan mutane da rawani suna komawa su buɗe motocinsu don kawai su samu su sha fura cikin kwanciyar hankali.

Ni Nafisa, jikar yayansa ce, marigayi Malam Sambo. Don haka kakana ne, kuma tun ina rarrafe yake kirana Amarya, ni kuwa ina kiransa tsoho, muna ta faɗanmu na jika da kaka har ya bar duniya. Ban taɓa cin nasara a kansa ba sai sau ɗaya, kuma ko ita ba ta yi mini daɗi yadda na zata ba. Zan zo kanta.

Wannan hali nasa ba na tsufa ba ne, da shi ya tashi. A shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, kuɗin man fetur na zuba, gwamnati na jibgo takin zamani kamar ba za a sake damina ba, shi aka ba riƙon siton ofishin gona. Aka haɗa masa da wani ƙaton kwaɗo na ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa. Wata rana babbansu ya zo rangadi daga Sakkwato, ya tarar da sito a wangame, Modi ya tafi sallar azahar. Da ya dawo, mutumin nan ya hau shi da faɗa.

“Malam Modi, ina kwaɗon da anka ba ka?”

“Ga shi nan, ranka shi daɗe, shina aiki.”

Ya nuna ƙasa. Ashe da kwaɗon ya tokare ƙofar don kada iska ta rufe ta! Aka ƙidaya buhuna, aka ga wasu sun yi ƙafa. Ya ce ai ba sata ba ce, wasu ne suka ɗauka ba su same shi ba balle su faɗa masa. Ba a kore shi ba, don ba wanda ya yarda Modi zai ci ko ƙwayar taki, amma an tura shi Kebbe, inda a lokacin in damina ta sauka mota ba ta shiga sai da addu'a. Ya tafi abinsa da kwaɗonsa, ya tokare ƙofar can ma.

Sai kuma mashin ɗinsa, wanda ya saya a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa. Makullin a jikin mashin ɗin yake kwana, a jikinsa yake wuni. Ranar kasuwar Tambuwal wani ya hau ya yi gaba. Alhaji ya zauna a gindin bishiya har la'asar, duk wanda ya ce a je a kai ƙara sai ya ce, “Ku bari, shina zuwa.” Bai zo ba. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci mashin a bakin hanyar Dogon Daji, mai ya ƙare. Kowa na murna, shi kuwa ya yi tagumi.

“Allah sarki! Ban cika tankin ba. Bawan Allah ya sha tahiya a ƙasa.”

Kakata takan ce ranar da ba don tana jin nauyinsa a matsayin ƙanin miji ba, da muciya za ta kwaɗa masa.

To, wannan mutumin ne na ba mabuɗin shafin intanet. Kada ku tambaye ni dalili, ku da kuka san gidanmu kun san ba ni da zaɓi.

Ga yadda aka yi. Malam Sambo ya yi shekara da shekaru yana karantarwa a zaurensa, tafsiri da azumi, fiƙihu bayan la'asar. Alhaji Modi ne ya sayi rikoda a zamanin arzikin nan, ya riƙa zama a gefensa yana ɗauka a kaset. Da Malam ya rasu, aka tarar da kaset cike da akwatuna. Ni kuwa na karanci kwamfuta, ina aiki a Sakkwato, sai na kwashe su na mayar da muryar cikin na'ura, na buɗe shafi da sunan Malam, duk mai waya ya shiga ya ji karatu. Almajiransa da suka warwatsu har Kwatano suka riƙa bugo waya suna kuka. Ba na jin na taɓa yin abin da gidanmu ya yi alfahari da ni kamar wannan.

Ranar da na nuna wa Alhaji, ya saurara, ya share ido da bakin rawani, sannan ya ce, “To, Amarya, mabuɗin na hannun wa?”

Na ce yana hannuna.

“Karatun Sambo, ƙanensa na raye, mabuɗi na hannun jika? Mace ma?”

Aka taru a kaina, har mahaifina, aka ce shi ne babba a gida, a ba shi. Na ba shi kalmar sirrin, mai wuyar gaske, haɗe da manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi, ina cewa a raina ba zai ma iya riƙe ta ba. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa wannan ta mai gyara ce, mai sauraro ba ya buƙatarta. Ya ce ya ji. Ni ma na san irin jin da yake yi in ba ya son maganar.

Aka shekara biyu ko fiye lafiya ƙalau. Ana saura 'yan makonni azumi sai Gwaggo Kulu, 'yar Malam Sambo da ke aure a Kebbe, ta kira ni da hantsi, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

“Ke Nafisa, mi kunka sa cikin karatun Baba?”

Na ce me ya faru. Ta ce ta tara matan unguwa za ta kunna musu Malam, tana danna sunansa sai ga kiɗa, da tallar caca, da hotunan wasu mata da ba za ta iya kwatanta suturarsu ba don babu ita. Na buɗe kwamfutata nan take, na shiga shafin. Ga hoton allon Malam, ga karatu a jere, komai tsaf. Na ce, “Gwaggo, wayarki ta. Wani abu kika danna.” Ta ce ita da ta haifi sa'ata ba za a koya mata danna waya ba, ta kashe. Kafin yamma wasu mutum biyu suka bugo da magana iri ɗaya, ɗaya daga cikinsu ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

Ranar Asabar na shiga motar Tambuwal. Na tarar da zauren Alhaji cike kamar kullum, da maƙwabta, da tsofaffin abokan aikinsa, da Malam Jelani mai shagon kwamfuta na bakin tasha. Na baza na'urata a kan tabarma, na karɓi wayoyin mutane ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A hankali abin ya fito fili. In ka rubuta adireshin kai tsaye a kwamfuta, karatu za ka samu. In kuwa da waya ka nemi sunan Malam a wurin bincike ka danna, sai a ɗauke ka a jefa ka gidan caca. Wato wanda ya yi kutsen ya shirya abin ne yadda mai shafi ba zai gani ba, baƙo ne kawai zai faɗa.

Na yi wa Alhaji bayani. Ya gyaɗa kai cike da gamsuwa.

“Kin gani? Shina da kunya. Ɗan mutane na.”

Na danne zuciyata, na shiga ɗakin gyara na shafin. Inda ya kamata in ga sunana ni kaɗai cikin masu iko, sai na ga wasu baƙin sunaye da ban taɓa ji ba. Na duba inda ake shigowa, na ga wasu ƙasashe da sai an haye teku. Na faɗa da ƙarfi. Fuskar tsohon nan ta washe.

“Allahu akbar! Karatun Sambo ya kai can?”

“Tsoho, ba karatu sunka zo ji ba! Ɓarayi na!”

“Wa kika zargi?”

Na ce ba na zargin kowa tukuna, amma ba fasa ƙofa aka yi ba, da mabuɗi aka shiga. Na tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa wani kalmar sirrin. Kafin ya buɗe baki, Malam Jelani ya ce, “Wace? Wagga?” ya karanto ta tiryan-tiryan. Wani dattijo a lungu ya ce a'a, ya tsallake babban baƙi, ya gyara masa. Sai kawai zaure ya ɗauka baki ɗaya, da kari da rausaya kamar ana biya karatu, har inda alamar tauraro take ba su manta ba. Kalmar da na ce tsoho ba zai iya riƙewa ba, ashe ya haddace ta, ya haddatar da rabin Tambuwal.

Da na samu numfashi na tambaye shi dalili. Ya dube ni kamar ni ce mai taɓin hankali. Ya ce tun da aka fara karatu a gidan nan, ba a ɗaukar littafin malami a tafi da shi sai da izini, kuma izinin daga bakin babba yake fita. Duk wanda ya zo ya ce yana son jin karatun Sambo, yakan zaunar da shi, ya tambaye shi ɗan wa ne, ya yi masa addu'a, sannan ya ba shi mabuɗin. Ya bayar a wurin ɗaurin aure a Kebbe. Ya bayar ta waya. Ya sa an shigar da ita cikin kowace kwamfuta a shagon Malam Jelani, an bar ta a ciki, don kada ɗalibi ya zo ya rasa.

“Ko in hana mutane ilimi don ke kina tsoron aljanun teku?”

Na ce dole a rufe shafin yau, a kori kowa, a canza mabuɗi, kuma ba mai sake jinsa. Ya ce ba da yawunsa ba. Ya ce shi bai taɓa rufe ƙofa a fuskar ɗan Adam ba, ba zai fara da ƙofar yayansa ba. Wanda ya shiga ya yi ɓarna zai gaji ya fita, kamar mai mashin. Na tashi a fusace na naɗe wayoyina. Ina iya rufewa ba da izininsa ba, aikin minti kaɗan ne. Amma na san in na yi haka, gobe zai sa mahaifina ya karɓi sabuwar kalmar, jibi kuma zaure ya haddace.

Washegari na ce masa zan je Kebbe in ba Gwaggo haƙuri, ya raka ni. Ya yarda, don bai taɓa ƙin tafiya Kebbe ba, yana son ya nuna wa mutane tsohon sitonsa.

Gwaggo Kulu ta shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ni ko kallona ba ta yi ba. Sannan ta ɗauko wayar, ta miƙa masa, ta ce, “Baffa, danna da hannunka.” Ya gyara tabarau. Ga sunan Malam Sambo a rubuce, ga addu'ar Allah ya jiƙansa a ƙasa. Ya danna. Kiɗa ya tashi, wata murya ta fara kiran mutane su zo su gwada sa'arsu.

Gwaggo ta ce, “Gaban mata anka yi wanga. Guda ta bi ni har ɗaki, ta ce in yunwa ta taɓa mu ne mu hwaɗi, a taimaka, ba sai mun kai sunan Malam gidan caca ba. Mijinta ɗalibin Baba na.”

Alhaji ya kife wayar a kan darduma, kiɗan na ci gaba da fita ta ƙasa, bai san yadda ake kashewa ba. Na miƙa hannu na kashe. Ruwan ma bai sha ba.

A mota muna dawowa, sai ya fara magana, kuma ba ni yake kallo ba, taga yake kallo.

“Amarya, mashin nawa na. Kowa ya ɗauka, ni yac cuta, ni kuwa na yahe. Taki ma, da albashina nib biya. Amma sunan Sambo ba nawa na ba. Shina kwance, ba shi iya tashi shi ce ba shi na ba.” Sannan ya ce, “Kulle.”

Na daɗe ina jiran ranar da zan ji wannan kalmar daga bakinsa. Da ta zo, sai na ji tausayinsa ya cika ni har ban iya tsokanarsa ba.

Aikin ya ci mini kwanaki. Na sauke shafin, na bar 'yar sanarwa cewa ana gyara, kuma abin da aka gani ba daga iyalan Malam ba ne. Na yi magana da kamfanin da ke ajiye mana shafin, suka duba tsofaffin kwafin da suke adanawa, sai aka ga har su ƙazantar ta shiga, don mutanen nan sun daɗe a ciki. Ba abin da za a ceta. Na share komai, na sake gini daga tushe da sabuwar manhaja, na mayar da karatun daga kwafin da ke hannuna. Na kori baƙin sunayen nan, na sa sabon mabuɗi, na haɗa shi da wayata yadda ko wani ya san kalmar sai an turo mini lamba. Sannan na nemi masu injin bincike su sake dubawa su cire jan gargaɗin da suka riga suka manna mana. Malam Jelani kuma na sa shi ya wanke kwamfutocin shagonsa, yana ta mita wai ai ladan karatu yake nema.

Na ce an gama, a buɗe. Alhaji ya ce a'a. Wanda ya iya sa kiɗa a ƙofar Sambo, me zai hana shi sa magana a bakin Sambo? Na ce masa kwafina bai taɓa shiga hannunsu ba. Ya ce shi bai gani ba. Ya sa aka fito da akwatunan kaset da tsohuwar rikodarsa, ya zauna a zaure, rikoda a dama, wayata a hagu, yana kunna wannan yana kunna waccan, karatu bayan karatu. A ilimance aikin banza ne, kuma na faɗa masa. Ya ce in tafi Sakkwato in bar shi da yayansa.

Da na dawo ƙarshen mako na same shi a wurin, zaure ba kowa, ya kori 'yan hira. Na tsaya a bakin ƙofa. Malam yana fassara aya, ya yi tari, shi ma Alhaji ya yi gyaran murya a daidai wurin kamar ya san yana zuwa. Can sai ga wata murya ta saurayi a cikin kaset ɗin: “Malam, a dakata in juya.” Malam ya ce, “Modi, kai da rikodarka kun hana mutane karatu.” Jama'ar cikin kaset suka yi dariya. Tsohon nan ya mayar da wurin baya ya sake ji. Na koma da baya na zauna a waje sai da ya gama.

Ana gobe azumi muka buɗe. Na tare wani mai tallar lemo da ke wucewa, wanda bai san mu ba, na roƙe shi ya nemi sunan Malam a wayarsa. Muryar ta fito tas. Alhaji ya ce, “Wa yab ba shi mabuɗi?” Na ce ba kowa, ai abin da nake faɗa masa ke nan tun farko, ƙofar sauraro a buɗe take dare da rana, ta gyara kaɗai aka kulle. Sai ya ce:

“Ashe duk izinin ga da nika bayarwa, ba a bukatatai.”

Na ce addu'ar da yake haɗawa da shi ai ana buƙata, ya ci gaba da ita. Ya ce in daina yi masa daɗin baki, ya girme ni. Amma ya ci gaba ɗin, har ƙarshen rayuwarsa duk wanda ya ambaci shafin sai ya tambaye shi ɗan wa ne, ya sa masa albarka.

Don in gwada shi, na ce, “Tsoho, in hwaɗa maka sabuwar?” Ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

“Kul! Kin san halina. Wani na tambayata zan ba shi.”

Sannan ya tashi, ya sunkuya da ƙyar, ya janye ƙaton kwaɗon nan daga gindin ƙofar zaure, ya share shi da gefen riga, ya miƙo mini. Ya ce tunda ni ce mai son kulle-kulle, in riƙe, gwamnati ba ta dawo ta tambaya ba. Na ce to da me zai tokare ƙofa? Ya ce ai dutse bai ƙare a Tambuwal ba.

Kwaɗon yana kan teburina a Sakkwato yanzu. Makullinsa ya ɓace tun kafin a haife ni, bakinsa a buɗe yake, ba ya rufuwa.

Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta an gama karɓar gaisuwa, wani ya ce a ja ƙofar zaure. Maza suka taru suka tura, ta ƙi motsi. Ƙasa ta cinye gindinta, ƙarafunan sun yi tsatsa, ba wanda ya tuna ranar da aka taɓa rufe ta. Gwaggo Kulu ta leƙo daga cikin gida ta ce, “Wa kuka zargi?” Muka yi dariya muna hawaye, aka bar ta yadda take.

Ya Allah, ga bawanka Modi ya zo maka. Bai taɓa rufe ƙofarsa a fuskar kowa ba, wadda ya yarda aka kulle ma don mutuncin ɗan'uwansa ne. Ka yafe masa, ka haɗa shi da Malam Sambo, ka sa ya tarar da taka a buɗe. Amin.